Wuyan Rigar Baban Kuve

Ni ba ni da haƙuri, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Tun ina ƙarama, idan aka fara magana mai tsawo sai ƙafata ta fara kaɗawa. Mutum ɗaya ce a duniya ta iya zaunar da ni wuri guda har ta gama abin da take faɗa, ita ce kakata ta wajen uba. Dada muke ce mata, don haka Babanmu ke kiranta. Bafulatanar cikin garin Yola ce, aure ya kawo ta Jimeta gidan kakanmu, wani tela da iyayensa suka zo fatauci daga Kano suka zauna. Hausarta ras take, amma idan ranta ya ɓaci da Fillanci take yi mana faɗa, mu kuma mu yi kamar ba ma ji.

Gidanmu a unguwar Nassarawo yake, mai tsakar gida da bishiyar dogon yaro guda ɗaya wadda aka ɗaura igiyar shanya a jikinta. A gindin katanga murhun Dada yake. An saya mata risho ta ƙi, an kawo gas ta ce a fitar mata da bala'in nan daga kusa da ɗakinta. Idan aka sauke tuwo aka yi sallar magariba, ba ta yarda a kashe wutar. Sai ta tura gyaɗa ko dankali cikin toka, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta ɗauki maficin kaba. Ba ta kiran kowa. Ƙanshin gyaɗar ne ke kiranmu. Idan mun zagaye ta sai ta ce, "Ga wata a bakin ƙofa, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu ce, "Ta goge ta shigo." Daga nan tatsuniya ta fara.

Shekarar da aka gudo daga Mubi da Michika saboda harin 'yan bindiga ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Wanda yake Jimeta a lokacin ba sai an ba shi labari ba. Garin ya cika har ya rasa inda zai sa mutane. Gidanmu ma haka. Ƙanwar Baba ta zo daga Mubi da 'ya'yanta, wasu dangi da ban taɓa jin sunansu ba suka biyo, har a zaure ana kwana. Abinci manya suka ji da shi. Abin da ya faɗo kaina shi ne wanki, don ni ce babba a 'yan matan gidan. Zanen gado, kayan fitsarin yara, kaftanin maza, hijabai, kullum tuli. Ina tsugunne ina cuɗa ina zagin duniya a raina.

A lokacin ne na je gidan wata 'yar ajinmu a Bekaji na ga injin wanki. Mamarta ta zuba kaya, ta zuba garin sabulu, ta murɗa wani abu, ta koma falo ta ci gaba da hirarta. Na tsaya a kansa ina kallon kaya suna juyawa kamar wadda aka dasa. Tun daga ranar na hana Baba sakat. Da safe inji, da yamma inji. Ya ce mini, "Da wace wutar, Rukayya? Wadda ake kawowa ta leƙo ta koma?" Na ce masa ai su ma a Jimeta suke.

Ba a sayi inji ba. Wata safiya sai Dada ta shigo daga ƙofar gida, wata mata tana biye da ita, doguwa, siririya, da tsohon baho a kanta. Ta same ta tana bin gidaje tana tambayar aikin wanki. Daga wani ƙauye take a gefen Michika, Kirista ce, tana kwana da 'yarta a harabar wani coci tare da sauran waɗanda suka gudo. Sunan 'yar Kuve, don haka Maman Kuve kowa ke ce mata. Aka shirya za ta riƙa zuwa Laraba da Asabar.

Ya kamata in yi murna, don ni aka hutar. Ban yi ba. A ganina zuwanta ne ya kashe mini maganar inji.

Amma ko a lokacin da nake jin haushinta na san ban taɓa ganin mai wanki irinta ba. Ba ta taɓa ruwa sai ta zauna ta rarraba kaya. Farare gefe guda, masu zuba gefe guda. Ta juya kowace aljihu. Rana ɗaya tak Dada ta faɗa mata cewa mu kayan da fitsari ya taɓa ba ma haɗa su da na salla sai an ɗauraye su tukuna, ba a sake maimaita mata ba har yau. Idan ta ɗauki riga daga wuya take farawa, sai hammata, sai bakin hannu, sannan sauran jiki. Atamfa a inuwa take shanya ta, kuma a juye, don kada rana ta cinye launi. Tana yi tana rera waƙoƙin cocinsu da yarensu, can ƙasa-ƙasa. Kaftanin Baba da na bar wa wuya baƙi wata da watanni, a hannunta ya koma kamar ranar da aka karɓo shi daga tela.

Sai na fara lura da wata riga. Shuɗiya ce mai layi-layi, gajeren hannu, maɓallinta ɗaya ya bambanta da sauran. Duk zuwan da Maman Kuve ta yi sai na gan ta a ƙarshen igiya, can jikin katanga. Mazan gidanmu ba sa sa irinta. Na gan ta sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Na ce yauwa, na kama ta.

Wata Laraba da la'asar, bayan ta tafi, na sami Baba a tabarmarsa ya dawo daga kasuwa a gajiye. Ban ma jira ya sha ruwa ba. A gaban kowa na ce, "Baba, matar nan wankin wasu take kawowa tana yi da sabulunmu da ruwanmu. Da idona na gani." Ruwa a lokacin sai an bi 'yan garuwa ana roƙo kafin su turo kura, saboda yawan mutanen da suka cika gari. Baba ya ce, "Ni ba na son ha'inci. Asabar idan ta zo zan sallame ta." Ni kuwa don in ƙara gishiri na ce, "Inji dai ba ya kawo kayan wani."

Dada tana zaune tana tsinke zogale. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Da magariba ta tura gyaɗa a toka kamar kullum. Yaran gida da na baƙi muka zagaye ta, muka ce wa tatsuniya ta goge ƙafa ta shigo. Sai ta fara.

Wai a bakin tafkin Njuwa, tun ba a gina Jimeta ba, an yi wata mata matar masunci, ba abin da ta ƙi jini kamar wanki. "Sunanta na manta," in ji Dada, tana kallon wuta. "Amma ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya, kamar ta wata da na sani." Yara suka juyo suna kallona suna dariya. Na harare su.

Kullum mata suna zuwa bakin ruwa suna wanki a kan duwatsu, ita tana yi tana tsaki. Wata rana ta tsaya ita kaɗai, ta jefa sabulun salo cikin ruwa don haushi, ta ce ina ma wani ya raba ta da wannan wahala. Sai wata tsohuwa ta fito daga cikin ciyawar ruwa, riƙe da wata ƙatuwar ƙwarya. Ta ce, "Karɓi. Ki zuba kaya, ki rufe da faifai, ki tafi abinki. Amma ki sani, hannu gare ta, ba ta da ido." Matar ta yi dariya ta ce me wanki zai yi da ido? Ta fizge ƙwarya ko godiya ba ta tsaya yi ba.

Ta kai gida, ta zuba kaya, ta rufe. Sai ƙwarya ta fara juyi tana waƙa. A nan Dada ta ajiye mafici ta fara tafi a cinyarta, muryarta siririya:

"Na cuɗa, na ɗauraye,
ban gani ba, ban tambaya ba."

Muka karɓa mata, har da ƙananan da suka zo daga Mubi, waɗanda tun zuwansu ba su cika buɗe baki ba.

Kayan matar nan suka fi na kowa haske a ƙauyen. Ta daina zuwa bakin ruwa. Da safe ta kwashi kaya a dunƙule ta watsa a ƙwarya, ko kallonsu ba ta yi. To tana da ɗa guda ɗaya, mai son wanka a tafki. Ya ɗauko tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini. Kunya ta hana shi faɗa. Kullum wandonsa da ɗigon jini, kullum ƙwarya ta wanke tas ta miƙo fari ƙal. Yaro yana ramewa, uwa tana cewa ƙin cin abinci ne, tana dukansa a kan tuwo. Sai ranar da ya kwana gidan maƙwabciya, ta ɗauki wandonsa da safe za ta haɗa da na 'ya'yanta. Tana ɗagawa ta gani. Ta ruga da shi wurin mai magani, Allah ya sa da sauran kwana. Da uwar ta ji, sai ta ɗauki taɓarya ta rotsa ƙwaryar nan, ta koma bakin ruwa cikin mata.

"Nan ta tsaya," in ji Dada. "Wanda bai ji ba ya tambayi toka."

Ni ban iya yin shiru ba. Na ce, "Amma matar nan wawuya ce, Dada. Me ya sa za ta fasa? Ai ba laifin ƙwarya ba ne. Sai ta riƙa duba kayan kafin ta zuba, shi ke nan!"

Dada ta yi dariya har tana tari. Ta tono gyaɗa da tsinke, ta hura, ta miƙo mini. "Uwar gaggawa, yau kin yi magana. To ke kin duba?"

"Na duba me?"

"Rigar da kika kai ƙara. Asabar ki riga Babanki tashi. Kafin matar nan ta jiƙa ta, ki karɓa ki dubi wuyanta. Sannan ki zo ki faɗa mini abin da kika gani."

Asabar tun da sassafe ina tsakar gida. Maman Kuve ta yi sallama, ta sauke bahonta, ta kwance ɗan ƙunshinta. Rigar tana ciki, a ninke cikin leda. Na sa hannu na ɗauka. Na buɗe wuyan. Babu komai. Ba maiƙo, ba baƙin zufa, ba ƙura. Na duba hammata, haka. Na kai hanci, ƙanshin sabulun ranar Laraba ne. Layin ninkin ma yana nan, ba wanda ya sa ta.

Na ce, "Maman Kuve, wannan ai wankakkiya ce."

Ta ce, "Eh."

"To me za ki wanke a jiki?"

Ta kifa bokiti ta zauna a kai. Ta ce, "Rigan Baban Kuve ne." Ranar da aka shigo ƙauyensu tana rafi tana wanki, shi kuma yana gona can bayan dutse. Da ta ji harbi sai ta kama hannun Kuve suka shiga daji. Sai a kwana na biyu ta lura ashe bahon wankin yana kanta, tun daga rafi ba ta sauke shi ba. Shi ke nan abin da ta fito da shi daga gidan aurenta, baho da jiƙaƙƙun kaya da suka fara tsami, rigar nan a cikinsu. Har ranar ba ta ji labarin mijinta ba, ko na rai ko na mutuwa.

"Idan ya zo, me zai sa?" ta ce. "Kuma kaya idan ya daɗe a leda yana wari. A coci ba wurin shanya, mutane sun yi yawa. Amma ba na taɓa ruwanku mai kyau. Na ƙarshe nake sawa, wanda za a zubar."

Gaskiya ta faɗa. Da ruwan ɗaurayar ƙarshe take wanke ta. Wannan ma ban duba ba.

Ban iya ba da haƙuri mai daɗi ba, har yau ban iya ba. Na ajiye mata rigar a cinya, na wuce kai tsaye ɗakin Baba na same shi yana sa hula. Na ce, "Baba, kada ka sallame ta. Ni ce ban duba ba." Na faɗa masa komai a tsaye. Da ya dawo daga kasuwa ranar sai ga shi da sabuwar igiya. Shi da kansa ya ɗaura ta daga dogon yaro zuwa ƙusar katanga, ya ce wa Mamanmu wannan ta Maman Kuve ce, kada a shanya komai a kai.

Na tambayi Dada yaushe ta sani. Ta ce, "Ranar farko. Ni ma na yi takaba, na san yadda mace ke riƙe rigar da ba mai sawa." Na ce to me ya hana ta faɗa wa Baba tun a tabarma? Ta ce, "Da na faɗa, da ni na gani, ba ke ba."

Shekaru sun wuce. Gari ya lafa, baƙinmu suka koma Mubi. Maman Kuve ta je ƙauyensu sau ɗaya, ta tarar da gida a ƙone, ba ta sami kabari ba, ba ta sami wanda zai ce ya gani da idonsa ba. Ta dawo Jimeta ta kama ɗaki. Da wanki ta yi wa Kuve makaranta har ta aurar da ita. Dada ta rasu ina aji shida. Maman Kuve ce ta wanke kayanta kafin a rabar, ta ƙi yarda kowa ya taya ta. Da na yi aure aka kai ni Bekaji, unguwar da na fara ganin injin wanki, sai ta biyo ni. Laraba da Asabar ta hau keke ta zo, da bahonta da ƙunshinta.

Bara mijina, Abban Ummi, ya sa mana sola. Ba a yi sati ba ya ce, "To yanzu ba maganar wuta. In sayo miki injin wanki?" Yarinyar nan ta Nassarawo da ta hana ubanta shan ruwa, ita ce ta buɗe baki ta ce a'a.

Muka yi ta ja. Shi ya ce inji ba ya makara, ba ya cewa an yi ruwa keke ya ƙi zuwa, ba ya ciwo, kuma da damina yana matse kaya su bushe da wuri. Ni na ce inji yana yaga leshi, yana kashe ƙyallin shadda, ba ya fitar da dauɗar wuya, ba ya sanin wane zane Ummi ta yi wa fitsari. Ya ce mata nawa ne a layinmu suke da shi, kayansu sun yage? Na ce ni ba mata nawa ba ce, ni jikar Dada ce. Na ba shi tatsuniyar ƙwarya daga farko har ƙarshe, har da waƙar. Ya ce, "Wato saboda ƙwaryar aljanu za mu zauna?" Na ce saboda Maman Kuve. Idan inji ya shigo, ita ina za ta? Ya ɗaga hannu ya ce ya bari. Na yi ta jin daɗin kaina. Har ƙawayena na ba labari, yadda na zaɓi mutum a kan ƙarfe.

Wata Asabar ina zaune a baranda ina danna waya, Maman Kuve tana wanki a tsakar gida. Sai na ji ta ce, "Rukayya, zo kwance mini wannan." Ledar garin sabulu ce aka ɗaure bakinta. Na zo ina mita a raina, na miƙa hannu, ita ma ta miƙo. A nan na ga hannuwanta.

Tsakanin yatsunta duk ya tsage, wani wurin ja, wani wurin fari kamar an dafa. Farce biyu sun ɗaga. Gaɓoɓin sun kumbura sun karkace, shi ya sa ta kasa kwance ƙulli. Yatsa uku ta naɗe su da yankin leda ta ɗaure da zare. Ta yi sauri za ta mayar da su cikin kumfa, na riƙe.

"Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne. Ina shafa man kaɗe."

"Maman Kuve, na ce tun yaushe?"

"Tun kina da cikin Ummi ya fara."

Ummi tana shekara huɗu. Shekara huɗu matar nan tana shigowa gidana sau biyu a sati, ina gaishe ta, ina zuba mata abinci, ina yabon aikinta a gaban baƙi, ban taɓa kallon hannun da ke aikin ba. Kaya fari ƙal kawai nake karɓa.

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, "In faɗa ki ce in huta? In na huta me zan ci? Zan je in zauna wa Kuve a gidan miji?" Sai ni kuma, don in nuna mata ba zan taɓa yasar da ita ba, na faɗa mata maganar inji, da yadda na ƙi saboda ita.

Ta sake ni ta koma da baya. "Saboda ni?"

"Eh mana."

"Wa ya tambaye ni?" Ta ɗaga hannuwan nan biyu a gabana. "Yesu! Mutum ya ce zai sayo abin da zai cuɗa zanen gado, ke kin ce a'a saboda ni? Rukayya, ke har yanzu sauri kike yi."

Na fara kawo mata maganar ƙwaryar Dada, don ta san tatsuniyar, na sha ba ta. Ta katse ni. "Ƙwaryan ba shi da ido, na ji. To ni nawa ina suka je? Ga su biyu. Ki sayo abin. Ni in duba, shi ya cuɗa."

Na tsaya kamar an mare ni. Maganata ce. Ita ce maganar da na yi a bakin murhu ina 'yar shekara goma sha uku, wadda Dada ta yi wa dariya har da tari ta ce yau na yi magana. Na riƙe ƙwarya, na riƙe waƙa, na riƙe taɓaryar da aka fasa ta da ita, na manta abin da ni kaina na faɗa da abin da aka tambaye ni bayansa. Dada ba ta taɓa cewa kada a sayi inji ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, kuma da aka sake yi mini ita bayan shekaru, a gidana, na sake faɗuwa.

Da Abban Ummi ya dawo na ce masa gobe ya sayo. Ya ce, "Aljanun sun ba da izini?" Na ce ya bar ni, ba na son wasa. Litinin na kai Maman Kuve asibiti a keke, aka ba ta man shafawa, aka ce ta rage sa hannu a sabulu.

Yanzu injin yana jikin bangon banɗaki, mai baki biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa. Ƙwarya Maman Kuve ke ce masa. Har yanzu Laraba da Asabar take zuwa, kuma ba abin da aka rage mata. Ta zauna a kujera ta rarraba kaya, ta juya aljihu, ta ware na fitsari a ɗauraye, ta goga wa wuyan riguna sabulu da burushi, sannan ta zuba ta murɗa. Idan ya fara juyi wani lokaci sai in ji tana yi masa waƙar Dada tana dariya. Gida biyu a layinmu sun fara kawo mata nasu, da izinina, don sun ga inji ɗaya ne da nasu amma kayanta sun fi fita. Leshi da shadda kuwa ni nake wankewa da hannu, tana tsaye a kaina tana faɗa. Abban Ummi ya yi gaskiya a kan matsa da damina. Ni ma na yi gaskiya a kan wuyan riga. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Ranar farko da aka kunna shi, bayan an gama komai an shanya, na ga ta kwance ƙunshinta. Rigar nan ce. Shuɗin ya koɗe ya kusa zama fari, yadin ya yi shara-shara har ana ganin haske ta ciki, maɓallin nan da ya bambanta yana nan. Ta dubi inji. Juyi ɗaya zai raba ta gida biyu. Ta dubi hannunta da aka ce kada ya taɓa sabulu.

Na ɗauko ƙaramin baho, na tari ruwa mai kyau daga famfo, ba na ƙarshe ba. Na ce, "Kawo."

Ta miƙo mini da hannu biyu. Na tsuguna, na buɗe wuyan da ba shi da dauɗa ko ɗigo, na fara daga nan.

"A hankali," ta ce. "A hankali, uwar gaggawa."